Bakina Ya Kai Ni Kwatano

Yau mako biyu ke nan da dawowata, ban sha shayi da zafinsa ba ko sau ɗaya. Da na ɗaga kofi a teburin mai shayin bakin tasha sai wani ya dafa ni: "Sani, ƙaƙa teku? Gaskiya ta ba a ganin ƙarshenshi?" Kafin in buɗe baki wani ya ce, "Bar batun ruwa, 'yan hwashin mu ka so mu ji. Ka gane su da idonka?" To ga shi na zauna na rubuta. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne mai fassara a gidan bidiyon da ke bayan tashar Konni. Rumfar kwano ce, da benci goma sha biyu da talabijin ɗaya a kan ganga. Fim yana tafiya da Faransanci ko Turanci ko yaren Sin, ni ina tsaye a gefe ina mayar da shi Hausa. Faransancina na lakwal ne, wato makarantar boko, Turancina na bakin iyaka ne, yaren Sin kuwa ko sannu ban sani ba. Amma Allah ya ba ni baki. Inda ban gane ba sai in ƙera, kuma sau da yawa abin da na ƙera ya fi nasu daɗi.

Babu finafinan da ke cika mana rumfa kamar na 'yan fashin tashar jirgin ruwa. Kun san su. Jirgi ya iso, ga manyan akwatunan ƙarfen nan da ake kira kwantena, ga uban mugaye da farin kwat da sigari, ga ɗan sandan da aka kora daga aiki yana bin sawunsu shi kaɗai. A ƙarshe a ɗaure wa wani dutse a ƙafa a jefa shi ruwa. Mu da babban ruwanmu tabkin damina ne, abin nan yana tsuma mu, ni kuma ya fi tsuma ni fiye da kowa.

Akwai wani dattijo, Baba Arzika, mutumin Tsarnawa, da ke kasa goro da dabino a ƙofar gidan bidiyonmu. Ba ya shiga, amma daga inda yake zama yana hango rabin talabijin. In fim ɗin soyayya ne sai ya juya baya. In ya ji kukan jirgin ruwa kuwa sai ya jawo tabarmarsa har bakin ƙofa. Na ɗauka son faɗa ne. Ashe ɗansa Isuhu shekara huɗu ke nan yana Kwatano yana dako a tashar jiragen ruwa, tsohon yana leƙe ne don ya ga irin wurin da ɗansa yake. Ban sani ba, ban kuma tambaya ba.

Wata la'asar muka sa fim inda mugaye suke ɓoye bindigogi cikin buhunan shinkafa, 'yan dako suna sauke su daga jirgi. Rumfa ta cika maƙil, kaina ya ɗau zafi. Na ce, "Ku dibi masu ɗaukar buhun ga! Kada ku ji tausayinsu. Dud wanda ka aiki bakin jirgi hannunshi da jini. Shinkahwa bisa, harsashe ƙasa!" Aka yi ta ihu da tafi. Da aka tashi, Baba Arzika ya kira ni gefe ya ce a hankali, "Ɗana, abin ga da kac ce, haka na ko wasa na?"

Da na ce wasa ne, da yau ba ku da abin karantawa. Amma akwai samari uku tsaye suna saurare. Sai na gyara tsayuwa na ce, "Haka na, Baba. Ni na san wurin ga ciki da bai."

Kwana uku ban ga faifan goronsa ba. Ran na huɗu da hantsi ina shara, sai ga wata tsohuwa ta tsaya a ƙofa, ko sallama babu. Matarsa ce, Inna Hadiza.

"Kai na Sani mai baki?"

"Ni na, Inna."

"Ka taɓa ganin teku?"

Na girgiza kai.

"Ka taɓa wuce Dogon Dutsi?"

Nan ma na girgiza kai, don ban taɓa ba. Sai ta gaya mini abin da na aikata. A makon nan ne Isuhu ya aiko musu da buhun shinkafa ta hannun wani direba mai suna Illa. Tsohon ya koma gida daga wurina, ya sa aka mayar wa Illa buhun, ya kuma rantse da Allah a gaban maƙwabta cewa bakinsa ba zai sake magana da Isuhu ba. Ta ce, "Shekara huɗu yaron ga na tarin ƙarhi ya aiko muna buhu guda. Bakinka ya maida shi." Ta juya ta tafi, ta bar ni riƙe da tsintsiya.

A ranar na je Tsarnawa na ce wa tsohon ƙarya na yi. Ya dube ni ya ce, "Tsohuwa ta tsorata ka. Kai da ka san wurin ciki da bai." Na ga babu abin da zai gyara wannan ɓarna sai in je in gani da idona. Kunya ce ta tashe ni, amma ba zan ɓoye muku ba, murna ce ta ɗauke ni. Ni Sani zan ga tashar jirgin ruwa! Na shiga kasuwa wajen 'yan gwanjo na sayi doguwar kwat mai ruwan ƙasa da baƙin tabarau, irin na ɗan sandan fim. A cikin watan zafi, ku ji fa.

Illa gingimari yake ja. Yana lodin albasa a Galmi ya kai Kwatano, ya dawo da kayan jirgi. Mutum ne da in ya yi magana goma a yini to ya yi surutu. Ya dubi kwat ɗina tun daga wuya har ƙasa, ya ce, "Gaba akwai mai albasa. In kana iya zama bisa buhu kwana ukku, hau."

Na hau. Wanda bai taɓa zama a kan albasar Galmi rana tana dukanta ba, bai san albasa ba. Kafin Dogon Dutsi hawaye suna zuba ta ƙarƙashin tabarau. Kafin Doso warin ya shige cikin kwat ya yi gida. Da muka tsaya cin abinci, mai tuwo ta miƙo mini kwano daga nesa, ta nuna mini wani benci can ƙarƙashin bishiya. Duk da haka raina fari ƙal. Daga saman mota ina ganin duniya tana buɗewa, ina ɗaga wa mutanen ƙauyuka hannu kamar wani kumandan.

Da muka doshi Gaya ƙasa ta fara kore, ga giginya, ga rake, ga rogo a kwanduna. Muna hawa gada na ga ruwa shimfiɗe hagu da dama, da kwalekwale a kai. Na miƙe tsaye a kan buhuna na kwarara ihu, "Teku! Illa, teku!" Ya leƙo ta taga ya ce, "Gulbi na. Zamna kada ka hwaɗi." Masu tafiya a ƙafa a kan gadar suka yi ta dariya har muka ƙetare.

A iyaka na ga takaina. Katin ɗan ƙasa yana aljihu, amma katin allura ko labarinsa ban taɓa ji ba. Aka kai ni wani ɗan ɗaki, wata ma'aikaciya ta ce in tuɓe kwat. Da na tuɓe ta toshe hanci, ta soka mini allura da sauri don in fita. Sai mai buga hatimi a Malanbil ya tambaye ni sana'ata da Faransanci. Na ce fassara fim. Ya ajiye hatimi ya ce bai taɓa jin wannan aiki ba, in gwada ya gani. Babu talabijin, sai na juya ga layin motocin da ke jira na fara: ga uban mugaye can mai jar hula yana cin ayaba, ga ɗan sandan ɓoye yana gyara taya, ga akuya ita ce mai kai rahoto. Direbobin Hausawa suka kewaye ni suna riƙe ciki. Mai hatimin bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya yi dariya har da buga tebur, ya danna mini hatimi.

Daga nan bishiyoyi suka fara tsawo. Doya jibge a bakin hanya kamar itacen girki. A Faraku na ci sakwara, mata uku suna daka a turmi ɗaya ba tare da taɓarya ta taɓa 'yar'uwarta ba. Suna sa wani cukun Fulani mai laushi a miya, bayansa ja, cikinsa fari. Na so in ce a ƙaro mini, na gwada Hausa, na gwada Faransanci, matar tana kallona kawai. Ni da nake fassara yaren Sin, sai da na nuna da yatsa kamar kurma.

Gaba kaɗan taya ta fashe mana a gefen wani gari. Ana cikin gyara na ji ganguna da kakaki irin na soja. Ga mutane sun yi anko, maza da mata, suna rawa a kan titi, ana raba abinci. Na ce kai, wannan biki ya yi biki! Na shiga tsakiya da kwat ɗina ina taka rawa, ina riƙe hannun dattawa ina yi musu barka da Faransanci. Suna ta murmushi suna gode mini. Sai Illa ya zo ya ja ni ta wuyan kwat ya ce, "Gawa ta." Wata tsohuwa ce ta rasu da shekaru masu yawa, haka suke raka irin su. A gida da an kore ni da sanda, su kuwa har da ƙunshin abinci suka biyo ni da shi mota.

Kwatano! Babura kamar an tone gidan tururuwa, kowane da fasinja, wata da kwandon kaji a kai. Iska mai nauyi, in ka wanke riga da safe har magariba da danshinta. Kasuwa kuwa ta mata ce, su ne da manyan shaguna, maza suna yi musu dako. Muka sauka a Zango, gidan wani mutumin Illela da ke saukar da baƙi. Ina shiga na ji ana Hausar gida ta ko'ina, mutanen Badagishiri da Alela da Malbaza, goma-goma a ɗaki. Aka kawo mini wani farin tuwo mai tsami naɗe a ganye, da miyar manja. Na sa hannu a miya na ɗago ƙaguwa sukutum da almakashinta. Na yi salati na sake ta. Suka ce in ɓare in ci. Na ci, kuma don Allah kada a gaya wa tsohuwata, na nemi ƙari.

Da safe Illa ya kai ni bakin teku. Jama'a, duk abin da na taɓa faɗa muku a kan teku ku zubar. Talabijin ɗinmu ƙarami ne, ya cuce mu. Ruwa ne har inda sama ta sauko ta same shi, yana tasowa yana rugugi yana komawa, ba ya hutawa. Na ɗanɗana, gishiri ne zalla. Ina tsaye baki buɗe sai wani ruwa ya taso ya dake ni har gwiwa, ya tafi da takalmina na hagu. Na bi shi, Illa ya riƙe ni ya ce, "Bar mishi." Ranar da silifa na shiga tashar jirgi, kwat a sama, silifa a ƙasa.

Illa ya samo mini takardar shiga a matsayin mai taya shi lodi. Muka wuce ƙofa. Ga su nan duka! Ga kwantena jere bisa jere, ja da shuɗi da kore. Ga ƙugiyoyin ƙarfe sun fi hasumiyar masallaci tsawo suna ɗaga kaya sama. Ga jirgi, jirgi na gaske, wanda in aka ajiye shi a Konni zai rufe tasha da kasuwa. Ya yi kuka sau ɗaya na ji har cikin haƙorana. Na ce a raina, yau zan ga abin da zan gani.

Illa ya tafi neman takardu ya ce kada in motsa. Ban daɗe ba na hango mutum uku sun raɓe bayan wani kwantena, suna waige-waige. Ɗayansu, wani dogo baƙi da tsumma a kafaɗa, ya zaro wani abu naɗe a takarda daga cikin riga. Ya ɓantara, ya miƙa wa na biyu ta ƙarƙashin hannu. Na gyara tabarau. Na lallaɓa ta jikin ƙarfen nan mai zafi, ina tafiya a kan yatsu, silifa tana ƙara. Na leƙo kai ke nan sai na ji an ce, "Kai, wane na wanga mai warin albasa?"

Cuku ne. Cukun garin Tawa, wani ya kawo masa daga gida, suna ɓuya ne don ba zai ishi kowa ba. Ina tsaye ina neman abin faɗa sai ga Illa. Ya nuna dogon ya ce, "Ga Isuhu." Ya nuna ni ya ce, "Ga mai bakin."

Isuhu ya daina tauna. Ni kuwa na cire tabarau don na ga ba wurinsu ba ne. Na fara ba da haƙuri, na jero magana mai daɗi yadda na saba. Ya ɗaga hannu ya ce, "Kai kac ce ma tsohona hannuna da jini?" Ya buɗe tafin hannunsa a gabana, duk kanta, ya tsattsage. "To ba ni son haƙurinka. Zo ka ɗauki goma. In ka ɗauki goma mu yi magana."

Jirgin shinkafa ake saukewa. Ƙugiya takan sauko da buhuna cikin raga, 'yan dako su kwashe a kafaɗa su haye wani katako su jera a mota, a guje, suna waƙa. Na tuɓe kwat. Aka aza mini na farko, na ji wuyana ya shige cikin ƙirji. Na kai. Na biyu na kai ina ganin taurari. Na uku katakon ya fara rawa a ƙarƙashina. A na huɗu ni da buhu muka sauka tare, shi a sama. Mutum wajen talatin suka tsaya da aiki suna dariya, har wani Bature a saman jirgi yana tafi. Isuhu ya ɗage buhun da hannu ɗaya ya zaunar da ni a inuwa, ya ba ni ruwa. Kafaɗata ta saɓule, gwiwata tana jini.

Da na dawo hayyacina na tambaye shi, don ba zan iya haƙura ba, "Isuhu, don Allah, babu 'yan hwashi ko kaɗan?"

Ya ce, "Ɓarayi akwai su, ina ne babu? Amma ba su ɗaukar buhu. Kwat su ka sawa, awa taka."

Kwana biyar muka yi kafin takardun Illa su fito. Abin da finafinai ba su nuna mana ba ke nan: tashar jirgi rabinta jira ne. Direbobi suna kwance a ƙarƙashin motoci suna dara, ana dafa shayi, ana sallah a kan kwali. Ban ji ƙarar bindiga ko ɗaya ba. Amma na ga an ɗaga mota sukutum a sama tana lilo, na ga matuƙan jirgi na ƙasashe iri-iri, har da mutanen Sin na gaske. Na matsa kusa da biyu suna hira don in gwada kunnena. Ko kalma ɗaya ba ta yi kama da abin da nake gaya muku ba.

Ran Lahadi ba aiki. A gidan Zango akwai rakoda ɗaya, ranar take zagaya ɗakuna. Yawancin mazauna gidan ba su yi lakwal ba, don haka wasiƙarsu kaset ce: mutum ya yi magana a ciki, a ba direba ya kai gida. Isuhu ya yi wanka, ya sa rigarsa ta Juma'a, ya durƙusa a gaban rakoda kamar tsohon yana zaune a wurin. Ya danna ya ce, "Salamu alaikum, Baba." Sai ya yi shiru. Kaset tana juyawa. Can ya ce, "Ina kwana?" Ya sake yin shiru.

Abin ya dame ni, ni da na san darajar kaset. Na sa hannu na tsayar na ce, "Kana ɓarnar zare. Jero gaisuwa ka shiga magana. Ko ka bari ni in yi bayani, na san yadda za ni tsara shi."

Ya ture hannuna ya ce, "Ƙaƙa za ni gaida ubana in hana shi wurin amsawa?" Sauran da ke ɗakin suka ce haka kowa yake yi. Na ja bakina na koma gefe, ina ganin ƙauyanci ne. Ya gama gaisuwarsa da shirunsa, sannan ya yi 'yar magana kaɗan. Bai ambaci buhu ba, bai ambace ni ba.

A dawowa a gaba na zauna, mota cike da shinkafa. Kwat ɗin na bar wa mai masauki yana shimfiɗa wa kajinsa. Tun daga Faraku nake tsara jawabin da zan yi wa Baba Arzika, ina maimaitawa a bayyane, har Illa ya ce in ban yi shiru ba zan koma bisa buhu.

Na sauka a Tsarnawa da hantsi, na ari rakoda wurin wani tela, na sa kaset ɗin Isuhu a ciki. Na tarar da tsohon a zaure yana tufkar igiya, ya rame. Inna Hadiza tana daga bakin ƙofar cikin gida. Na gaishe shi na fara. Na kawo teku, na kawo jirgi, na kawo cuku, na buɗe kafaɗata na nuna masa inda ta saɓule. Wallahi ban taɓa tsara magana kamar ta ranar ba. Bai ɗago kai daga igiyarsa ba har na gama.

Sai ya ce, "Ɗana, ka sha wahala, sannu. Amma bakin ga naka shi yac ce min wancan, shi kuma ka ce min wanga. Wane za ni ɗauka?"

Karo na farko a rayuwata na laluba ban sami ko kalma ɗaya ba, kuma na ji tsoro sosai, don na ga tafiyar nan duka ta tashi a banza. Na miƙe zan tafi. Inna Hadiza ta fito, ta ɗauki rakodar ta ajiye a kan tabarma, ta ce mini, "Wane a ka dannawa?" Na nuna mata. Ta danna.

Zare ya yi 'yar ƙara. Sai muryar Isuhu ta cika zauren: "Salamu alaikum, Baba."

"Wa alaikumus salamu," in ji tsohon, hannunsa yana kan igiya.

"Ina kwana?"

"Lahiya lau."

"Ƙaƙa ƙarhin jiki?"

"Da godiya."

"Ƙaƙa ƙahwar taka, ta bar ciwo?"

"Ta yi sau…"

Nan ya tsaya. Igiyar ta faɗi daga hannunsa. Ya dubi rakoda, ya dubi matarsa, bakinsa a buɗe. Shekara saba'in ba a taɓa gaishe shi ya ƙi amsawa ba, bakinsa ya riga shi. Kaset tana ta juyawa cikin shirun da Isuhu ya bar masa, tana jiran ya ƙarasa. Ni da na ce ɓarnar zare ce, ina tsaye hawaye suna bin fuskata, babu albasa ko ɗaya a kusa.

Muryar ta ci gaba, tana tambayar gona da maƙwabta ɗaya bayan ɗaya. Tsohon bai ƙara amsawa ba, amma bai ce a kashe ba. Da aka zo ƙarshe Isuhu ya ce, "Baba, dako ni kai. Ka sa min albarka." Maɓalli ya ɗaga da kansa, zaure ya yi tsit.

Baba Arzika ya share fuska da hannun riga ya ce, "Hadiza, na karya rantsuwa. Azumi ukku ya hau ni, gobe ki tashe ni sahur." Ya matso da rakodar gabansa da hannu biyu, ya dube ni ya ce, "Maido shi hwarko, ɗana. Ban ƙare amsa mishi ba."